Idan Jirgin Yaƙi Ya Ƙi Jin Sitiyari

Da asubahin ranar 21 ga Agusta, 2017, jirgin yaƙin Amurka mai suna John S. McCain yana tunkarar Singafo, a ɗaya daga cikin hanyoyin ruwa mafiya cunkoso a duniya. Kwamandan jirgin ya lura matuƙin da ke bakin aiki yana fama da abu biyu a lokaci guda, riƙon sitiyari da daidaita gudu, sai ya ba da umarni a raba aikin, sojan da ke kujerar gefe ya karɓi gudu, shi kuma matuƙi ya ci gaba da juya jirgi. Umarnin ba shi da aibu. Sai dai a wannan jirgi allon kwamfuta ake taɓawa kafin aiki ya tashi daga wata kujera zuwa wata, kuma wajen taɓawar aka haɗa har da sitiyarin aka tura, ba wanda ya ankara. Matuƙi ya murɗa, jirgi bai amsa ba, ya ɗaga murya cewa sitiyari ya mutu. Aka ce a rage gudu, amma da yake a kan allon an riga an raba farfela biyun, ta hagu kaɗai ta lafa, ta dama ta ci gaba da tunkuɗa, jirgin ya karkata hagu ya gitta gaban wani jirgin dakon mai, Alnic MC. Tsakanin kukan matuƙi da karon kimanin minti uku ne. Sojoji goma suka mutu a ɗakunan kwanansu da ruwa ya cika.

Wata biyu kafin haka, ranar 17 ga Yuni, wani jirgi irinsa mai suna Fitzgerald ya yi karo da jirgin kwantena a gaɓar Japan, sojoji bakwai suka rasu. Hatsari biyu a runduna ɗaya cikin ɗan wannan lokaci ya sa mutane da yawa suka ce ruwa ba ya tsami banza, wataƙila wani ne ya kutsa cikin kwamfutocin jiragen daga nesa. Shugaban sojojin ruwan Amurka na lokacin, Admiral John Richardson, bai yi watsi da zargin ba. Aka tura ƙwararru suka bincike na'urorin McCain, ba su sami alamar kutse ba. Abin da bincike ya tono ya fi kutsen tayar da hankali, domin babu abin da ya lalace. Sitiyari lafiyarsa ƙalau, injuna ma haka. Mutanen da ke ɗakin tuƙi ne ba su san wace kujera ke riƙe da jirgin ba, wasunsu ma aro su aka yi daga wani jirgi mai tsarin tuƙi daban, ba a koya musu bambancin ba. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, a rahotonta na 2019, ta ɗora alhakin a kan rundunar kanta saboda ƙarancin horo da rashin sa ido, ta kuma soki yadda aka tsara allon. Daga baya rundunar ta sanar da cewa daga 2020 za ta fara mayar da sandunan sarrafa gudu na hannu a irin waɗannan jirage.

Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne cewa tsaron kwamfutocin jirgin yaƙi da lafiyar injinsa aiki ɗaya ne, kuma rundunar da ta raba su ta yaudari kanta. A yau ana maganar tsaro daga kutse kamar wani kaya ne da za a sayo da kwangila, a ɗora wa jirgi, a ɗauki matasa masana kwamfuta su tsare shi daga wani ofis a tudu, sannan a bar kula da inji ga masu baƙin mai a hannu can ƙasan jirgi. Amma ga wanda ke tsaye a ɗakin tuƙi da asuba, jirgi na neman afka wa wani, babu bambanci tsakanin wayar da ta kwance, da manhajar da ta rikice, da ɗan kutsen da ke zaune a wata ƙasa. Duka ukun abu ɗaya yake gani: ya ba da umarni, jirgi ya ƙi ji. Kuma abin da zai cece shi a duka ukun ɗaya ne, wato ya gane da wuri cewa na'ura ta daina faɗin gaskiya, ya san yadda zai yanke ta, ya karɓi jirgin da hannu kafin lokaci ya ƙure. Rundunar da ba ta iya wannan a ranar da kowa bai taɓa ta ba, babu dalilin zaton za ta iya a ranar da maƙiyi ya zaɓi lokacin da kansa.

Kafin a fahimci haka sai an san yadda jirgin yaƙin zamani ya sauya. Da can igiyoyin ƙarfe da bututun mai ne ke haɗa sitiyari da abin da ke juya jirgi a baya, kuma a ɗakin inji mutum ne ke tsaye yana duba ma'auni, yana buɗe bawul yana rufewa. Yanzu dubban ƙananan na'urori ne ke auna zafi da matsin mai da yawan ruwan da ya shiga ƙasan jirgi, suna aika saƙo ta waya zuwa kwamfutocin da ke kunna famfo, su raba wuta, su rufe ƙofofin tare ruwa, su sarrafa gudun farfela. Rada da makamai masu linzami da na'urar gano wuri duk a kan layukan saƙo suke. Riba a nan babba ce, domin jirgin da a da sai da ɗaruruwan mutane yanzu kaɗan ke tafiyar da shi, kuma yana iya harbo makamin da ke zuwa da gudun da idon mutum ba zai bi ba. Amma an sayi wannan riba da wata irin lalura. A watan Satumbar 1997 wani ma'aikaci a jirgin Yorktown, wanda Amurka ke gwajin sabon tsarin rage ma'aikata a kansa, ya shigar da sifili a wani gurbin lissafi. Manhaja ta yi ƙoƙarin raba lamba da sifili, ta rushe, rushewar ta bi layi ta kama sauran kwamfutoci, injuna suka tsaya. Jirgin ya yi fiye da awa biyu yana shawagi a gaɓar Bajiniya ba ya iya motsi. Yatsa ɗaya ya yi wannan, kuma na ɗan gida ne da bai nufi kowa da sharri ba.

Birtaniya ta sha irin wannan ta wata fuskar, kuma nata ya fi tsada. Jiragenta shida samfurin Type 45, waɗanda aka gina domin kare ayarin jirage daga hari ta sama, kowanne ya ci kusan fam biliyan ɗaya. An tsara su ta yadda injuna ke samar da wutar lantarki, ita kuma wutar ke juya farfela, ta ciyar da rada, ta ciyar da makamai, komai daga tukunya ɗaya. Da aka kai su ruwan zafi na yankin Gulf, wani sashe na injunan da ke sanyaya iska ya riƙa gazawa. Idan babban inji ya faɗi, nauyin duka sai ya koma kan ƙananan janaretoci, su ma su kasa, jirgi ya yi ɗif, ba gudu, ba rada, ba makami. Maganar ta kai gaban kwamitin tsaro na majalisar dokoki a 2016, kuma a 2018 aka ba da kwangilar fam miliyan 160 domin a fasa cikin kowane jirgi, a ciro janareta biyu a saka uku mafiya ƙarfi. A watan Yulin 2021 jirgi ɗaya ne tak cikin shidan ke bakin aiki. Abin lura shi ne abin da ɗan kutse zai yi shekaru yana neman yi wa irin wannan jirgi, wato ya kashe masa wuta a tsakiyar teku, zafin ruwa ya riga ya yi shi kyauta. Tsarin da ya jingina komai a kan ginshiƙi ɗaya rauninsa ɗaya ne, ko ɗumin teku ne ya taɓa ginshiƙin ko mutum.

Mai musu zai ce, to ai duk misalan nan ba na kutse ba ne, kuma har yau ba a nuna wa duniya jirgin yaƙi ko ɗaya da aka nutsar da kwamfuta ba. Ashe ba kamfanonin sayar da kayan tsaro ne ke kururuta abin domin su ci kasuwa ba? Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kururutawar tana nan, kuma kuɗi masu yawa na bin ta. Amma rashin ganin gawa ba ya nuna babu makami. A watan Oktobar 2018 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar Amurka ya fitar da rahoto a kan gwaje-gwajen da aka yi wa manyan makaman ƙasar tsakanin 2012 da 2017, inda aka sa ƙwararrun gida su yi kamar maƙiya. A wani gwaji mutum biyu sun shiga tsarin cikin awa ɗaya, sun mallake shi gaba ɗaya cikin yini guda. A wani kuma cikin daƙiƙa tara aka canki kalmar sirrin mai kula da tsarin. An sami na'urorin da aka bari da kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani, wadda kowa zai iya dubawa a intanet. Abin da ya fi ci mini rai a rahoton shi ne wani tsari da aka taɓa gano masa ɓaraka ashirin, da aka dawo sake gwaji aka tarar ɗaya kaɗai aka toshe. Wannan ba gwanintar maƙiyi ba ce. Halin nan ne na ganin mai yana ɗiga daga inji a ce a bari sai an dawo daga tafiya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar nan mai bangon ne ya gan ta ya wuce.

Akwai kuma harin da ba ya buƙatar shiga jirgi ko kaɗan. Na'urar GPS tana gano wuri ne ta hanyar sauraron wani raunanan saƙo daga taurarin ɗan'adam da ke nisan kilomita dubu ashirin a sama, don haka duk wanda ya watsa saƙon bogi mai ƙarfi daga kusa zai iya sa ta yarda da ƙarya. A 2013 Todd Humphreys na Jami'ar Texas da ɗalibansa sun gwada haka a kan wani jirgin shaƙatawa a tekun Bahar Rum, da yardar mai shi, suka karkatar da shi daga hanyarsa alhali allo yana nuna komai daidai. A watan Yunin 2017 jirage kusan ashirin da ke kusa da tashar Novorossiysk ta Rasha suka ga na'urorinsu na cewa suna filin jirgin sama a kan tudu. A watan Yunin 2021 kuma bayanan da ke nuna wuraren jirage suka nuna jirgin yaƙin Birtaniya Defender ya doshi Sevastopol, alhali kyamarori na nuna shi a ɗaure a tashar Odesa. Maganin wannan ba wata manhaja ba ce kawai. Jami'in da ya saba ɗaga kai ya dubi gaɓa, ya gwama abin da rada ke nunawa da abin da GPS ke faɗa, ya auna zurfin ruwa ya duba taswira, shi ne zai kama ƙaryar. Shi ya sa makarantar horon hafsoshin ruwa ta Amurka da ke Annapolis ta dawo da koyar da gano wuri ta hanyar taurari a 2015, bayan ta yi shekaru da ajiye shi.

Musu na biyu shi ne cewa kwamfutocin da ke sarrafa inji da makamai ba a haɗe suke da intanet ba, to ta ina ɓarawo zai shiga? Ta hannun mutane zai shiga. A 2008 wata 'yar filashi da aka soka a kwamfuta a wani sansanin Amurka a Gabas ta Tsakiya ta shigar da ƙwayar cuta har cikin layukan sirri na sojan ƙasar, aka fi shekara ana sharewa. A farkon 2009 cutar Conficker ta shiga layin cikin gida na sojojin ruwan Faransa, sai da aka yanke shi. Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta lalata injunan tace yuraniyom a Natanz ta Iran duk da cewa wurin a killace yake. Jirgin yaƙi kuwa kowane lokaci yana karɓar baƙi: injiniyan kamfani ya zo da kwamfutarsa ya jona da inji domin ya duba lafiyarsa, a kawo sabon taswira a filashi, a sauya wani akwatin lantarki da aka ƙera a wata ƙasa. Wani lokacin ma 'yan gida ne ke huda katangar da kansu. A 2023 aka gano cewa wasu manyan ƙananan hafsoshi a jirgin Amurka Manchester sun ɗora faifan Starlink a asirce a saman jirgin domin su riƙa samun intanet, ya yi watanni a wurin kwamanda ba ta sani ba. Tambayar da wannan ke tayarwa tsohuwa ce a wajen injiniyoyi: shin akwai wanda ya san duk abin da ke cikin jirgin nan, da wanda ya saka shi, da ranar da aka saka? Kuma asirin jirgi yakan fita tun yana takarda. A 2016 jaridar The Australian ta bayyana cewa shafi sama da 22,000 na bayanan jiragen ƙarƙashin teku samfurin Scorpène da Faransa ta tsara wa Indiya sun fita, sannan a 2018 aka sace bayanai masu yawa daga kwamfutocin wani ɗan kwangilar sojojin ruwan Amurka.

Babban darasin yadda ake tsira ya fito ne daga 'yan kasuwa. Ranar 27 ga Yuni, 2017, wata cuta mai suna NotPetya, wadda aka saki a Yukren ta cikin manhajar lissafin haraji kuma Amurka da Birtaniya suka ɗora wa sojan Rasha alhakinta, ta shiga kamfanin Maersk, wanda a lokacin shi ne mafi girma a dakon kwantena a duniya. Ba shi aka nufa ba, guguwa ce ta biyo ta kansa. Cikin ɗan lokaci allunan ofisoshinsa suka mutu a duniya baki ɗaya, tashoshi 17 cikin 76 na kamfanin suka tsaya, tireloli suka yi dogon layi a bakin ƙofa. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sai da suka sake girka manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Yadda mujallar Wired ta kawo labarin, duk kwamfutocin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shiga sun goge, saura ɗaya a ofishin Ghana, wadda ta tsira saboda an ɗauke wuta kafin cutar ta iso. Da yake ma'aikatan can ba su da bizar Birtaniya, sai ɗaya ya kawo faifan Najeriya, ya miƙa wa wani a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Sa'a ce ta ajiye wannan kwafi, kuma ba a gina tsaro a kan sa'a. Amma ɗaya ɓangaren ba sa'a ba ne: kamfanin ya ce ya ci gaba da tafiyar da kusan kashi 80 cikin ɗari na kayansa da hannu, da takarda da biro da wayar salula, domin akwai mutanen da suka san aikin kansa, ba allon kawai ba.

Inda wannan sani ya yi ƙaranci, ko jirgi sabo ne ba ya tsira. A ranar 8 ga Nuwamba, 2018, jirgin yaƙin Norwe Helge Ingstad ya yi karo da jirgin dakon mai kusa da Bergen, bayan masu gadi sun ɗauki fitilun jirgin man a matsayin wani abu da ke tsaye a gaɓa. Masu bincike sun ce da an rufe ƙofofi da murafen tare ruwa kafin a fice, da jirgin bai nutse ba. A watan Oktobar 2024 jirgin sojan ruwan New Zealand Manawanui ya hau kan murjani a gaɓar Samoa ya nutse, mutum 75 da ke ciki suka tsira da ƙyar. Ma'aikatan sun zaci na'urar juya jirgi ce ta lalace, ashe matuƙin kai-da-kai ne ke kunne ba a kashe ba. Duk wanda ke shirya wa jirgi kutse ba ya fatan abin da ya wuce wannan ruɗani.

Akwai misalin da ke nuna cewa ana iya gyara hali, kuma daga wajen injiniyoyi ya zo. Ranar 10 ga Afrilu, 1963, jirgin ƙarƙashin teku na Amurka Thresher ya nutse a wajen gwajin zurfi da mutum 129. Kwamitin bincike ya fi zargin wani haɗin bututu da ya ɓalle a ɗakin inji, sannan ƙanƙara ta toshe hanyar iskar da za ta fitar da ruwa jirgin ya taso. Daga nan aka kafa tsarin SUBSAFE, wanda ya wajabta cewa duk walda, duk bawul, duk ƙarfen da ke tsakanin ma'aikata da ruwan teku sai yana da takardar shaida: wa ya yi, da wane ƙarfe, wa ya duba, wa ya sa hannu, kuma mai dubawa ba ya ƙarƙashin mai gaggawar a tashi. Tsakanin 1915 da 1963 Amurka ta rasa jiragen ƙarƙashin teku 16 ba a fagen yaƙi ba. Tun daga lokacin ba ta rasa ko ɗaya da ya sami wannan shaida ba. Jirgin Scorpion da ya ɓace a 1968 bai same ta ba. Ba mamaki da rundunar ta tashi tsara kariya daga kutse a tsakiyar shekarun 2010, wannan tsarin ta kwaikwaya, ta kira sabon CYBERSAFE. Manufar ita ce a ware 'yan na'urorin da ran jirgi ya rataya a kansu, a san kowace manhaja da ke cikinsu, kada a taɓa su sai da izini a rubuce, a kuma raba layukan saƙo gida-gida kamar yadda ake raba cikin jirgi, ta yadda abin da ya shiga ɗaki ɗaya ba zai cinye sauran ba. Jiragen kasuwa ma sun bi sahu, domin hukumar kula da sufurin ruwa ta duniya ta wajabta sanya haɗarin kutse cikin tsarin kiyaye lafiyar jirgi daga 2021.

Musu na uku ya fi sauran nauyi, kuma ba na jin za a iya ture shi gaba ɗaya. Duk wannan tsada ne. Ajiye hanyar hannu kusa da ta kwamfuta yana nufin ƙarin ƙarfe, ƙarin nauyi, ƙarin mutane, ƙarin kwanakin horo, alhali dalilin saka kwamfutar tun farko shi ne a rage waɗannan. Sannan akwai ayyukan da hannu ba zai taɓa yi ba. Babu sojan da zai harbo makami mai linzami da ido da lissafin ka. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke cewa a koma zamanin gawayi. Abin da ake nema zaɓi ne na hankali: tuƙi, da gudu, da wuta, da kashe gobara, da fitar da ruwa, waɗannan biyar dole a iya riƙe su ko duk allunan jirgi sun mutu, kuma a riƙa gwada hakan a teku ba tare da an sanar da ma'aikata ba. Game da tsada kuwa, a duba inda aka yi tsimi a ga abin da ya haifar. Ofishin binciken nan na majalisar Amurka ya gano cewa a watan Yunin 2017 kashi 37 cikin ɗari na takardun shaidar ƙwarewar yaƙi na manyan jiragen ƙasar da ke Japan sun ƙare ba a sabunta ba, kuma wasu sojoji suna aikin fiye da awa ɗari a mako. An tsimi kwanakin horo da na gyara domin jirage su ci gaba da sintiri, aka biya da rayuka 17 da jirage biyu da suka yi shekaru a wajen gyara. Gajiyayyen sojan da bai yi barci ba shi ne zai taɓa allo ba daidai ba, shi ne kuma zai soka filashin da bai san asalinta ba.

Wannan magana ta shafe mu, ko da mai karatu bai taɓa ganin teku ba. Mafi yawan kayan da ke cika kasuwannin Kano da Maraɗi da Njamena ta tashoshin Legas da Kwatano da Lome da Duwala suke shigowa, kuma kuɗin inshorar jirgin da ke tsoron 'yan fashi a kan farashin kayan yake sauka. A 2020, cikin ma'aikatan jirage 135 da aka yi garkuwa da su a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka kama su. An sami sauƙi sosai bayan haka, kuma cikin dalilai akwai sintirin sojojin ruwa da tsarin sa ido na Falcon Eye da aka ƙaddamar a 2021, wanda ke tattara hotunan rada da kyamarori zuwa ɗakunan lura. Wato tsaron ruwan Najeriya shi ma ya hau kan layin saƙo, kuma duk abin da ya hau layi ana iya makantar da shi ko a yi masa ƙarya. Afirka ta Kudu ta ɗanɗana a watan Yulin 2021, lokacin da kutse ya durƙusar da kwamfutocin kamfanin Transnet, tashoshin kwantena na Durban da Cape Town suka koma aiki da takarda na kwanaki.

Wani zai ce rundunar da ke fama da kuɗin mai da kayan gyara ina ita ina damuwa da 'yan kutse. Ai a nan ne maganar ta fi ƙarfi, domin matakin farko na kariyar ba ya bukatar sayen komai, rajista ce da horo da ɗa'a, kuma su ne dai abin da ke hana jirgi ruɓewa a bakin tasha. Tarihin jirgin yaƙi Aradu ya isa ishara. An gina shi a Jamus, ya shiga aiki a 1982 a matsayin jirgin alfaharin Najeriya, ya je bikin jiragen ruwa a Ingila a 2005, daga baya ya yi shekaru a ɗaure, sai a 2023 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya domin yi masa garambawul. Sauran manyan jiragen rundunar daga wurare daban-daban suka zo: Thunder da Okpabana tsofaffin jiragen tsaron gaɓar Amurka ne da aka gina a shekarun 1960, Centenary da Unity daga Sin, Lana daga Faransa, ga kuma Andoni da Karaduwa da Oji da aka ƙera a Legas. Kowane mai ƙira da irin injinsa, da irin manhajarsa, da irin kwamfutar da injiniyansa zai zo da ita. Saboda haka abin da ya kamata 'yan majalisar da ke duba kasafin tsaro su riƙa tambaya a kan kowace sabuwar kwangila ya wuce tsawon jirgi da girman bindigarsa. Su tambayi shekara nawa kamfani ya ɗauki alkawarin sabunta manhajar, ko an miƙa wa rundunar cikakken jerin abin da ke cikin kowane akwatin lantarki, ko akwai wata hanya da kamfanin ke leƙa injin daga ƙasarsa da kuma wanda ke da ikon rufe ta, da yawan injiniyoyin gida da aka horar har su iya gyara ba tare da jiran baƙo ba. Ko Amurka, da duk arzikinta, sai da sojojin ruwanta suka biya Microsoft kimanin dala miliyan 9 a 2015 domin ya ci gaba da kula musu da Windows XP da wasu tsofaffin manhajoji da kamfanin ya riga ya daina tallafa wa, saboda na'urori masu yawa na rundunar ba su iya aiki da wani abu daban. Jirgin yaƙi yakan yi shekara talatin zuwa arba'in a ruwa, manhajar da aka saka masa ranar ƙaddamarwa kuwa da wuya kamfaninta ya kula da ita fiye da shekara goma, kuma lokacin sa hannu a kwangila ne kaɗai mai saye ke da ƙarfin tilasta a rubuta wanda zai ɗauki nauyin sauran shekarun.